Yadda Ake Kafa Sabon Kwamfireso a Garejin Gida, Daga Kwali Zuwa Fara Aiki

Tambayoyin da masu karatu ke ta aiko mini game da kwamfireso, wato injin da ke matsa iska ya tara ta a tanki, kusan duk sukan zo ne bayan ɓarna ta riga ta auku. Wani ya ce injinsa yana gurnani amma ya ƙi tashi, wani ya ce bireka, wato makunnin kariya da ke yanke wuta in an ja ta fiye da kima, tana faɗuwa duk lokacin da ya kunna, wani kuma ya ce ya fesa fenti sai ga ɗigon ruwa a jikin ƙofar da ya kwana biyu yana gogewa. Akasarin waɗannan matsaloli an shuka su ne tun ranar da aka sauke injin aka yi gaggawar soka fulogi a bango. Saboda haka na jera matakan yadda ya kamata su biyo juna, kuma mai karatu zai lura cewa kunnawa ita ce ta shida a jerin. Bayanin ya shafi kwamfireso mai fistin, irin mai tankin lita 24 zuwa 200 da ake ajiyewa a garejin gida. Duk inda littafin da ya zo da injinka ya saɓa da abin da na rubuta, bi littafin.

Kayan da za ka tanada, da inda kuɗin ke tafiya

Kuskuren farko na lissafi ne. Mutum yakan zuba duk abin da ke aljihunsa a kan injin, ya iso gida ya tarar ba shi da tiyo, ba shi da mai, soket ɗin garejin kuma ba zai ɗauki nauyin ba. Kafin ranar kafawa ka tanadi sifana biyu, ɗaya ta riƙe ɗaya ta ɗaure, da sukundireba, da farin tef irin na masu aikin famfo, da man kwamfireso lita ɗaya, da tiyon iska, da mahaɗan tiyo irin waɗanda ake ɓallewa da hannu, da filtar da ke raba ruwa da iska, da bawul mai hannu guda ɗaya, da robobi masu kauri da za a sa ƙarƙashin ƙafafun injin, da ruwan sabulu, da tabarau na kariya da abin toshe kunne. Abin da ya fi cin kuɗi bayan injin shi ne jan sabuwar wayar wuta tare da ladan mai aikin lantarki, sai kuma bututun bango. Bututun yana iya jira, domin tiyo ɗaya mai kyau zai yi maka aiki har ka samu sarari, amma waya da filta da tiyo ba wurin tsuke hannu ba ne.

1. Auna injin da aikinka kafin ka yaga kwali

Muddin kwalin yana rufe, mayar da injin ko musanya shi ya fi sauƙi, don haka yanzu ne lokacin lissafi. Abin da za ka duba shi ne yawan iskar da injin ke bayarwa a minti ɗaya, wanda ake rubutawa da lita a minti ko da CFM, kuma CFM ɗaya ya kai kimanin lita 28. Ka lura cewa masu ƙera injin sukan buga lamba biyu. Babbar lambar da ke jikin kwali yawanci ta iskar da fistin ke zuƙa ce, ƙaramar kuwa ita ce wadda ke isa tanki da gaske, kuma a ƙananan injina ba ta cika wuce kashi biyu cikin uku na babbar ba. Ƙaramar ita ce abin lissafinka.

Bindigar ƙusa da buga taya ba sa cin iska sosai, tankin lita 24 ma ya ishe su. Injin kwance notin taya na rabin inci yakan ci CFM 4 zuwa 5, shi ma jefi-jefi. Waɗanda ke tona asirin ƙaramin kwamfireso su ne bindigar fenti da injin goge jikin mota, domin sukan ci CFM 10 ko fiye kuma ba sa hutawa. Ɗauki kayan aikin da ya fi ci a cikin naka, ka ƙara masa kashi ɗaya cikin uku, ka ga ko injin ya kai. Girman tanki kada ya ruɗe ka: tanki randa ce, famfon da ke kansa, wato sashen mai fistin da ke matsa iskar, shi ne rijiyar, kuma komai girman randa in ana ɗiba fiye da yadda ake zubawa za ta ƙafe.

2. Buɗewa da harhaɗawa

Fito da komai ka shimfiɗa a ƙasa, ka gwada da jerin da ke cikin littafi. Duba tanki ko ya lotsa, duba gilashin geji biyun, da siraran bututun da suka taso daga kan famfo, da murfin fanka. Tankin da ya lotsa ko ya tsage a wurin walda a mayar da shi, kada a gwada shi. Ɗaura tayoyi da ƙafafun roba da hannun ja, sannan ka ɗaura filtar shaƙar iska a gefen kan famfo, wadda sau da yawa takan zo a leda dabam, a ramin nata kuma an toshe da wata 'yar roba da dole a cire. Filtar nan da hannu ake ɗaure ta, in ka sa mata sifana za ka fasa ta.

Gargaɗi: nauyin kwamfireso a sama yake, musamman mai tanki a tsaye. Mutum biyu ne ke ɗaga shi, kuma ba a kama shi ta bututu ko ta akwatin makunni. In mai amfani da mai ne, kada ka kwantar da shi a gefe don ka ɗaura taya, ka ɗaga gefe ɗaya ka sa katako a ƙarƙashi.

3. Zaɓen wurin zama

Injin yana buƙatar daɓe mai ƙarfi wanda ba shi da gangare, saboda yawancin ƙananan famfunan nan fantsama mai suke yi a ciki don su jiƙa kansu, in injin ya karkata wani sashe zai rasa mai. Bar aƙalla santimita 30 zuwa 45 tsakaninsa da bango, musamman ta ɓangaren fanka ko babbar ƙafar bel, wato faifan da bel ke juyawa, domin da iskar da take kaɗawa famfon ke sanyaya. Ka kuma bar wa kanka wurin durƙusawa ka kai hannu ƙarƙashin tanki, inda bawul ɗin zubar da ruwa yake. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma na lura duk wanda ya cusa injinsa a lungun da sai an ja shi kafin a kai ga bawul ɗin, cikin wata ɗaya yake daina zubar da ruwan.

Nisanta shi da inda kake yankan katako ko niƙa ƙarfe, don duk ƙurar da ya shaƙa a cikinsa za ta ƙare. Masu son rage ƙara sukan kulle shi a akwatin katako. In za ka yi haka, sai da ƙofar shigar iska a ƙasa da ta fita a sama, da fanka mai jan zafi, in ba haka ba ka rage ƙara ka dafa injin.

Babban injin da ba shi da taya a sauke shi daga katakon da ya zo a kai, a ɗora kowace ƙafa a kan roba mai kauri. Mai tanki a tsaye a kafe shi da daɓe don kada ya kife, amma kada a matse notin har ƙarshe: a ɗaure shi ya taɓa, a bar robar ta sha girgiza. In aka matse ƙafafu a kan daɓen da bai daidaita ba, girgizar takan koma kan waldar ƙafa, a nan kuma tanki ke fara tsagewa.

Gargaɗi: makunnin injin da injin lantarkinsa suna yin tartsatsi duk lokacin da suka tashi, kuma shi yana tashi da kansa ba tare da ya yi sallama ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwanciya, daidai inda kwamfireso yake. Kada ka ajiye jarkar fetur ko tina, wato ruwan tsinka fenti, kusa da shi, in kuma za ka yi fenti, ka yi shi aƙalla mita 6 daga injin, ƙofa a buɗe.

4. Wutar lantarki

A nan ne aka fi asarar sababbin injina, don haka zan ɗan daɗe. Karanta farantin da ke manne a jikin injin lantarkin, ka tabbatar ƙarfin wutar da ya nema, 230V ko 120V, da 50Hz ko 60Hz, ya yi daidai da ta gidanka. Injin mai ƙarfin doki 2 ya kai kimanin kilowat 1.5, mai doki 3 kuma kilowat 2.2. Mai doki 3 a wutar 230V yana jan sama da ampiya 10 yayin da yake gudu, amma a daƙiƙar da zai tashi yakan ja ninkin haka sau da dama. A ƙasashen da ake amfani da 120V, kamar Amurka, injin mai ƙarfi ɗaya yakan ja kusan ninki biyu, shi ya sa manyan injina a can ake ja musu layin 240V.

Abin da ya dace shi ne injin ya samu layinsa shi kaɗai daga akwatin rarraba wuta, ba tare da firji ko injin walda sun raba da shi ba. Ga injin doki 2 zuwa 3 a wutar 230V, abin da aka saba shi ne waya mai kaurin 2.5 mm² da bireka mai ampiya 16 irin mai harafin C, wadda take jure jan wutar tashi ba ta faɗi ba. In garejin yana da nisa da akwatin, mai aikin lantarki zai iya cewa a sa 4 mm², kuma ka yarda da shi. Wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, dole ce, tun da tanki ƙarfe ne kuma a kan daɓe mai danshi kake tsaye. Wannan aikin na ƙwararren mai lantarki ne, bisa ƙa'idar ƙasar da kake.

Gargaɗi: in bireka tana faɗuwa, kada ka musanya ta da babba ka bar siririyar waya. Bireka waya take karewa, in ka ƙara mata girma wayar ce za ta zama fis a cikin bango.

Sai maganar doguwar wayar jan wuta, wadda ni kaina ta taɓa koya mini hankali. Da na sayi injina na farko, soket ɗin yana can ƙurya, sai na jawo wuta da waya mai mita 20, irin mai naɗi a gammo, ban ma warware ta duka ba. Injin ya tashi lafiya lau tun da tanki babu komai, ya cika ya tsaya. Da iska ta ragu ya zo tashi na biyu, sai na ji ya yi gurnani, fanka ta motsa kaɗan ta tsaya, fitilar garejin ta dusashe, da na taɓa gammon wayar kuwa zafi rau. Doguwar siririyar waya tana rage ƙarfin wutar da ke isa injin, shi kuma a tashi na biyu yana turawa ne a kan iskar da ta riga ta taru. Da na bar shi yana wannan gurnani na ɗan lokaci, da koyil ko kafasita na injin lantarkin sun ƙone. Ƙa'idar ita ce injin ya zauna kusa da soket, tiyo ne ake tsawaitawa. Mai amfani da janareta kuma ya nemi wanda ƙarfinsa ya ninka na injin sau biyu zuwa uku, saboda dai wannan jan wutar tashi.

Injin da ya wuce doki 3 sau da yawa wuta mai layi uku yake nema. Irin wannan, bayan an haɗa, a kunna na daƙiƙa ɗaya a duba ko ƙafar bel tana juyawa ta inda kibiyar da ke jikin murfi ta nuna. In ta juya baibai, fanka ba za ta sanyaya famfo ba, sai mai lantarki ya musanya waya biyu.

5. Zuba mai

In injinka irin marar mai ne, tsallake wannan mataki, kada ka zuba masa komai. In mai amfani da mai ne, ɗauka cewa babu mai a cikinsa har sai idonka ya gani, domin da yawa sukan zo a bushe ko da ɗan kaɗan. A ƙasan famfo akwai wani ɗan gilashi zagayayye kamar kwabo, da jan ɗigo a tsakiyarsa, ko kuma sandar awo a jikin murfi. Zuba man a hankali, kana dakatawa ya sauka, har ya kai tsakiyar ɗigon. In ya gaza, famfo zai ci kansa. In ya wuce, zai yi kumfa ya bi iska ya shiga tanki, daga nan ya fito a kan fentinka.

Man da ake so shi ne na kwamfireso, yawanci mai lamba ISO 100 ko SAE 30, a wuri mai tsananin sanyi kuma ISO 68. Man injin mota yana ɗauke da sinadaran wanke datti waɗanda aka yi don injin da ke da filtar mai. Kwamfireso ba shi da ita, kuma irin wannan man yakan bar baƙin gawayi a kan bawul ɗin famfo.

Gargaɗi: a bakin zuba mai sau da yawa akwai toshiyar roba marar huda da aka sa don kada mai ya zube a hanya. Cire ta ka sa murfin gaskiya mai 'yar huda, wanda yake cikin ledar kayan. In ka manta, iskar da ke cikin akwatin mai ba ta da mafita, sai ta harbo toshiyar ta yi wa bango wanka da mai, ko ta fasa roba ta fara yoyo.

In injin mai bel ne, danna tsakiyar bel ɗin da yatsa, fulogi a cire. Ya lotsa kamar santimita ɗaya, ba fiye ba sosai, sannan ka mayar da ragar kariya kafin ka kunna.

6. Tashin farko

Sa tabarau da abin toshe kunne, saboda yawancin ƙananan injinan nan ƙararsu ta wuce desibel 85, iyakar da daga ita ake fara lalata ji in an daɗe. Tabbatar makunnin da ke jikin injin, jan maɓalli ko ɗan hannu a kan baƙin akwati, yana a kashe. Buɗe bawul ɗin zubar da ruwa gaba ɗaya, soka fulogi, sannan ka kunna. Bar shi ya yi gudu haka, iska tana fita ta ƙasa, minti 20 zuwa 30 ko yadda littafi ya ce, don zobban fistin su zauna kuma mai ya zagaya ba tare da nauyi ba. Kada ka tafi ka bar shi. Tsaya ka saurara ko akwai ƙarar ƙarfe na bugun ƙarfe, ka duba ko mai na tsatsafowa, ka shaƙa ko akwai ƙaurin waya.

Bayan haka kashe, rufe bawul ɗin ƙasa, ka riƙe agogo, ka sake kunnawa. Allurar gejin tanki za ta hau a hankali har injin ya tsaya da kansa, yawanci a bar 8, wato kimanin psi 116 (bar da psi ma'aunan matsin iska ne), wasu kuma a bar 10. Da tsayawarsa za ka ji wani ɗan huci na daƙiƙa ɗaya ko biyu daga wajen makunni. Wannan daidai ne, iskar da ta rage a kan fistin ce ake saki don tashi na gaba ya zo da sauƙi. In hucin ya ƙi ɗaukewa, bawul ɗin da ke hana iska komowa daga tanki bai rufe ba, kuma wannan aibi ne da ya kamata mai sayarwa ya gyara.

Rubuta lokacin da ya ɗauka. Ninka litar tanki da bar ɗin da ya tsaya, ka raba da mintuna, za ka samu kusan ainihin abin da injin ke bayarwa. Tankin lita 50 da ya kai bar 8 cikin minti biyu da rabi yana ba da lita 160 a minti. Ni a jikin bango nake rubuta wannan lokaci da alli, domin shi ne ma'aunin lafiyar injin nan gaba.

Yanzu saki iska kaɗan-kaɗan ka ga inda zai sake tashi, yawanci kimanin bar 2 ƙasa da inda ya tsaya. Daga nan ka juya fuskarka gefe ka ja zoben bawul ɗin kariya, ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya kusa da makunni. Iska ta fito da ƙarfi, in ka saki ya rufe ruf.

Gargaɗi: in allura ta wuce iyakar da aka rubuta a jikin tanki injin bai tsaya ba, kashe nan take. Kada ka taɓa saitin makunni don ƙara matsi, kada kuma ka toshe ko ka ɗaure bawul ɗin kariya. Kan famfo da bututun da ya fito daga shi sukan yi zafin da zai sale fata cikin ƙiftawar ido, sai a kula da hannu da kuma yara.

Ka saba kashe injin ta makunninsa, ba ta soket ko zare fulogi ba, saboda makunnin ne ke sakin iskar kan fistin. Haka nan in wuta ta ɗauke yana tsakiyar gudu, kashe makunnin kafin ta dawo.

7. Tiyo, bututu da maganin ruwa

Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da laima. A zafin digiri 30, kowace mita kubik ɗaya tana iya riƙe ruwa har giram 30, kuma in aka matse ta ta huce, yawancin ruwan nan sai ya sauka. Injin da ke ba da lita 160 a minti, in ya yi gudun awa ɗaya a rana mai laima, zai iya tara ruwa kusan kofin shayi guda. Duk tsarin bututu dabara ce ta hana wannan ruwa isa ga kayan aikinka.

In tiyo kawai za ka yi amfani da shi, zaɓi mai faɗin ciki milimita 10 ga injin kwance noti da bindigar fenti. Mai milimita 6 na bindigar ƙusa ne da buga taya, in ka sa shi a babban aiki zai shaƙe iskar, ka zargi injin a banza. Sayi mahaɗan tiyo duka iri ɗaya a lokaci ɗaya, domin akwai samfura da dama da suka yi kama a ido amma ba sa shiga juna. Haka ma tiredi, wato zaren murɗi na bakin mahaɗa: akwai BSP na tsarin Ingila da NPT na Amurka, sukan fara shiga juna zagaye biyu su cije, in ka tilasta sai yoyo. Wajen naɗa farin tef, bi hanyar da ake ɗaure noti, zagaye uku, ka bar tiredin farko a buɗe don kada guntun tef ya shige ya toshe wani bawul.

In za ka ja bututu a bango, fara da bawul mai hannu a bakin tanki, sai guntun tiyo mai ƙarfi tsakanin bawul ɗin da bututun, don girgizar injin kada ta karya mahaɗa. Bututun ya zama na jan ƙarfe, ko na ƙarfe, ko na alminiyam da aka yi musamman don iska. Ka ba shi ɗan gangare, kamar santimita ɗaya a kowace mita, yana sauka nesa da injin, a ƙarshensa ka sauko da guntu mai bawul inda ruwa zai taru ka zubar. Duk reshen da za ka cira, cire shi daga saman bututun ya lanƙwaso ƙasa, tun da ruwa a ƙasan bututu yake gudu.

Gargaɗi: kada ka yi amfani da bututun roba na PVC irin na ruwa, ko da lambar da ke jikinsa ta fi ƙarfin injinka. Ruwa in ya fasa bututu zuba yake yi, iskar da aka matse kuwa tarwatsa shi take yi, tsinin robar su watsu kamar fasasshiyar kwalba, kuma mai da zafi da tsufa suna ƙara masa gautsi. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan haka tun 1988.

Wurin da za ka sa filtar ruwa shi ne abin da aka fi kuskurewa. Mutane sukan ɗaura ta a bakin tanki, inda iskar take da ɗumi, ruwan kuma yana tururi, sai ya wuce ta salin-alin ya je ya zama ɗigo a cikin tiyo. Sa ta bayan iskar ta yi tafiyar mita 6 zuwa 8 a bututun ƙarfe ta huce. Jerin shi ne filta, sai regileta mai daidaita matsi, kuma a jikin kowannensu akwai kibiya mai nuna hanyar iska. In kana sa wa kayan aikinka mai ta cikin layi, ware tiyo dabam na fenti wanda mai bai taɓa shiga ba.

8. Neman yoyon iska

Cika tanki, kashe injin, ka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, har da waɗanda suka zo a ɗaure daga masana'anta da bawul ɗin ƙasa. Inda kumfa ke girma, a nan iska ke fita. Sauke iskar gaba ɗaya kafin ka sa sifana, ka kwance ka sake naɗa tef, maimakon ka yi ta matsewa har tiredi ya cinye. Daga nan ka cika, ka rufe bawul ɗin bakin tanki, ka bar shi ya kwana. Allura takan ɗan sauka a mintunan farko saboda iskar tana hucewa, amma in da safe ka tarar ta yi ƙasa sosai, akwai sauran aiki. Washegari ka maimaita da bawul ɗin a buɗe, ka gwada bututun bango.

9. Saita matsi ka fara aiki

Geji biyu ne a jikin injin: ɗaya na abin da ke cikin tanki, ɗaya na abin da ke fita. Na biyun ne kake saitawa. Ja murfin regileta sama, ka juya dama don ƙari, hagu don ragi, ka danna shi ya kulle. Yawancin kayan aikin iska an yi su ne don psi 90, wato bar 6.2, bindigar fenti kuwa ƙasa da haka sosai, sai ka duba takardarta. Saita shi yayin da kayan aikin ke ci, yatsanka a kan kunama, domin lambar da geji ke nunawa a tsaye takan faɗi da zarar iska ta fara gudu. Kuma ka taso daga ƙasa zuwa lambar da kake so, ba ka sauko daga sama ba. Ɗiga man kayan aikin iska ɗigo biyu ko uku a bakin injin kwance noti kafin aiki, amma ban da bindigar fenti.

Lura da yadda injin ke hutawa. Yawancin na gida an yi su ne su yi gudu kamar rabin lokaci su huta rabi. In kana aiki ba ya tsayawa sam, kayan aikin ya fi ƙarfinsa, sai ka riƙa dakatawa. In ya mutu da kansa saboda zafi, kashe makunni, ka bar shi ya huce, sannan ka danna ɗan maɓallin da ke jikin injin lantarkin.

Gargaɗi: kada ka kakkaɓe ƙurar jikinka ko ta tufafinka da iskar kwamfireso, kada ka nuna wa kowa bakin tiyo ko da wasa, domin tana iya shiga ta rauni ko ido ko kunne ta yi mummunar illa. A ƙa'idar wuraren aiki ta Amurka, ko share kaya ba a yi da iskar da ta kai psi 30. Iskar nan kuma ba ta shaƙa ba ce. Lokacin ɓalle tiyo, riƙe bakinsa gam don kada ya yi bulala.

10. Makon farko da abin da ya biyo baya

Duk ranar da ka yi aiki, in ka tashi, kashe makunni, zare fulogi, rage iskar ta sauko kamar bar 1 ko 2, sa tsohon gwangwani a ƙarƙashi, ka buɗe bawul ɗin ƙasa a hankali. Ga mai taya, ɗan karkata shi ta ɓangaren bawul ɗin. Ruwan farko fari ne ko mai ɗan maiƙo, in ya fara fitowa ja kamar ruwan kwata to tsatsa ta kama ciki. Tanki daga ciki yake ruɓewa, fentin waje yana ƙyalli, kuma tankin da ya huje ba a yi masa walda ko faci, sauya shi ake yi. In bawul ɗin da ya zo da injin irin ƙaramin nan ne mai cin yatsa, musanya shi da mai hannu tun yanzu, kuɗinsa kaɗan ne.

Bayan kwana biyu ko uku na aiki, injin a sanyaye kuma babu iska a tanki, bi notocin taya da ƙafafu da ragar kariya ka ƙara ɗaure waɗanda girgiza ta sassauta, ka sake danna bel, domin sabon bel yakan miƙe. Duba gilashin mai kafin kowane aiki. Canjin mai na farko yakan zo da wuri, galibi bayan awa 50 na gudu ko ƙasa da haka, saboda ɓarɓashin ƙarfen sabon famfo, kuma a juye shi yana da ɗumi don ya fita da dattin. Buɗe filtar shaƙar iska kowane mako in garejin mai ƙura ne, ka ja zoben bawul ɗin kariya sau ɗaya a wata.

In wata ya cika, sauke iskar duka, riƙe agogo, ka sake auna lokacin cikawa ka gwada da abin da ka rubuta a bango. In minti biyu da rabi ya koma uku da rabi, fara da filtar shaƙar iska, sai bel, sai ruwan sabulu a mahaɗai, kafin ka yi tunanin buɗe kan famfo.